Ruwan ciyawar teku da sauran busta: takardun da zaka bi kafin ka ɗora a kanta ko ka fesa a gona

Duk mai shagon kayan noma a Jos ya san lokacin. Da an shiga Afrilu ruwan farko ya sauka, mutanen Bokkos da Mangu da Barikin Ladi sun fara shigowa neman taki da maganin feshi, toh sai kaga 'yan talla sun fara sintiri da jaka a kafaɗa, kowa da kwalbarsa, wani baƙin ruwa mai kauri, in ka buɗe murfin ƙarni ya bugi hancinka kamar ka shiga layin masu busasshen kifi. Wai ruwan ciyawar teku ne, wani yace daga Turai, wani Indiya, wani Sin. Mu dai a kasuwa duk busta muke ce musu, ko takin ruwa, ko foliya, bamu cika bambancewa ba, kuma rashin bambancewar nan shine ya taɓa jefa ni a kunya.

Shekarun baya na karɓi katan biyar a hannun wani ɗan talla. Lebul ɗin yace yana maye gurbin taki, yana kashe tsutsa, yana maganin bilait, wato cutar da ke ƙone dankali, saura kaɗan yace yana maganin basir. Ban duba komai ba tunda ribar da ke kai ta rufe min ido. Wani dattijo tsohon kwastomana daga wajen Maikatako ya rage buhunan takinsa ya dogara da kwalbar, da aka zo haƙa dankalin ya fito kamar ƙwan zabo. Da ya zo shago bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi, ɗana ai ni kai na saya ba kwalba ba. Nace Baba kayi haƙuri, wallahi na rasa inda zan sa kaina. Na kira lambar mai kayan a kashe, adireshin da ke jikin kwalbar kuma babu mai shi. Tun daga nan na zauna na koyi yadda dokar waɗannan kaya take, shine zan zube muku a nan daki-daki, ko kai mai shago ne, ko kana son shigo da su daga waje, ko manomi ne kai da ke son sanin me yake saya.

Bari na fara da wanke ciyawar tekun kanta, don ba ita tayi laifi ba. Abu ne na gaske kuma ya daɗe, tun wajen 1950 ake sayar da ruwanta a Ingila. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Ascophyllum nodosum, tana fitowa a bakin teku mai sanyi irin na Norway da Ireland da Kanada. Akwai Ecklonia maxima ta Afirka ta Kudu, da ita ake yin Kelpak. Akwai Kappaphycus, wata ja-ja da ake nomawa a cikin ruwa a Indiya da Indonesiya da Zanzibar, da irinta kamfanin IFFCO na Indiya ke yin Sagarika. Abun da ke cikinsu, irin su aljinet da manitol da laminarin, aikinsu su zaburar da shuka, saiwa ta ƙara yaɗuwa, ta fi jure fari ko sanyi ko wahalar dashe, ta fi cin moriyar takin da ka riga ka zuba. Kalmar da masana ke amfani da ita bayostimulan, ni dai ina ce masa mai ƙara wa shuka kuzari.

Amma ba abinci bane, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna maka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin ɗari ne. Buhun NPK 15-15-15 yana da kilo 7.5 na kowanne cikin ukun. Kwalbar lita ɗaya da aka rubuta naitirojin kashi 1 cikin ɗari kuwa, abun da ke cikinta bai wuce wajen giram 10 ba. Giram 10 fa, a gefen kilo 23. Duk wanda yace maka kwalba zata tsaya a madadin buhu, ko bai san me yake sayarwa ba ko ya sani yana so ya cuce ka. Kamar goro ne da tuwo, goro zai wartsake ka amma ba zaka kwana da shi a ciki kace ka ci abinci ba.

Mataki na farko: karanta abun da kwalbar ke iƙirari

Wannan shine ginshiƙin maganar gaba ɗaya, in ka riƙe shi sauran duk sauƙi ne. Hukuma bata fara kallon me ke cikin kwalba ba, abun da aka rubuta cewa kwalbar zata yi take fara kallo, kuma wannan rubutun ne ke nuna ƙofar da zaka ƙwanƙwasa. Ruwa iri ɗaya, daga tukunya ɗaya, in ka rubuta yana ba shuka fotash da zinki ya zama taki. In ka rubuta yana kashe ƙwari ko yana maganin cutar ganye ya zama maganin feshi, da duk nauyin gwajin da ke kan maganin feshi. In ka rubuta yana taimaka wa shuka jure fari kawai, wannan shine mai ƙara kuzari. In kuma akwai ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, irin su Rhizobium ko Trichoderma ko Bacillus, toh an shiga wani babin daban.

Ba a nan kaɗai ake haka ba. Tarayyar Turai ta fitar da dokarta mai lamba 2019/1009, ta fara aiki ranar 16 ga Yuli 2022, a ciki ta ware wa masu ƙara kuzari aji nasu, ta kuma ƙayyade abu huɗu kacal da aka yarda su yi iƙirari: inganta yadda shuka ke amfani da abincinta, jure wahalar da ba ta ƙwari ko cuta ba kamar fari da zafi da gishiri, inganta kyan amfanin gona, da kuma saki abincin da ya maƙale a ƙasa saiwa bata iya ɗauka. Da ka ƙetare waɗannan kace yana kashe naman gwari, ka fita daga dokar taki ka faɗa dokar magungunan kare shuka. A Amurka sai a dokar noma ta 2018 aka fara bayyana kalmar a hukumance, kuma can in ka rubuta cewa ruwanka na da homon mai juya girman shuka irin saitokinin, hukumar muhalli ta EPA ce zata kama ka tace kayi rajista a layin magungunan feshi. Indiya kuwa labarinta ya fi kama da namu, an daɗe ana sayar da kwalabe barkatai babu mai tambaya, sai a Fabrairun 2021 suka shigar da su ƙarƙashin dokar takinsu ta 1985, suka bada rajistar wucin gadi, suka yi ta ɗaga wa'adi har 2025, a shekarar ne ma ministan nomansu Shivraj Singh Chouhan ya rubuta wa jihohi a hana dillalai tilasta wa manomi sayen kwalba kafin a sayar masa da buhun taki. In baka taɓa ganin wannan ɗabi'ar a kasuwarmu ba lokacin da taki yayi wuya, toh baka daɗe a harkar ba.

Saboda haka ɗauki kwalbar, zauna, karanta gaba da baya da biro a hannu, ka ja layi a ƙarƙashin duk wani alƙawari. In ka ga kwalba ɗaya tayi alƙawarin taki da kashe ƙwari da maganin bilait duk a haɗe, ka mayar wa mai ita, ba sai ka ci gaba da sauran matakan ba.

Mataki na biyu: naka takardun kai mai shago

Kafin ka tambayi takardar wani, ka gyara taka. Rajistar sunan kasuwanci ko kamfani a CAC, wannan kowa ya sani, a waya ma ake yi yanzu. Abun da da yawanmu bamu ɗauka da muhimmanci ba shine dokar kula da ingancin taki ta ƙasa, wadda marigayi shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ƙa'idojin aiwatar da ita suka biyo baya a 2020. Ta samo tushe ne daga ƙa'idar ECOWAS ta 2012 kan ingancin taki. Dokar nan bata tsaya kan manyan kamfanonin da ke haɗa taki ba, ta sauko har kan mai rarrabawa da mai sayarwa, kowa sai da izini, kuma sashen da ke riƙe da ita shine FISS a ma'aikatar noma ta tarayya, wadda hedikwatarta ke Area 11 Garki a Abuja. Suna da sufetoci masu ikon shiga shago su ɗebi samfur, kuma hukuncin sayar da gurɓataccen taki ko wanda bai kai abun da aka rubuta a jikinsa ba ya haɗa da ɗauri, ba tara kaɗai ba. In kana sayar da takin ruwa mai rubutun NPK a jiki kana cewa ai ni ba buhu nake sayarwa ba, kana yaudarar kanka ne, kwalba ma taki ce in dai ta yi iƙirarin abincin shuka.

Shawarata ka shiga ƙungiyar dillalan kayan noma, NAIDA, ko ba komai zaka riƙa jin labarin sabuwar sanarwa kafin sufeto ya kawo maka ita bakin ƙofa. Kuma ka manna kwafin izininka a bango inda kowa zai gani, ka rubuta ranar ƙarewarsa a wani wuri da ba zaka manta ba.

Mataki na uku: in kai ne mai shigowa da kayan

A nan ne aiki yake, kuma a nan ne matasanmu da suka ga kaya a intanet da araha suke afkawa rami, mutum ya biya kuɗin kontena tukunna sannan ya fara tambayar wace takarda ake buƙata. A juye ake yi. Takarda tukunna, kaya daga baya.

Fara da kai daftarin lebul ɗin da bayanin abun da ke ciki, a rubuce, ga NAFDAC da kuma FISS, ka nemi su gaya maka ajin da kayanka ya faɗa, su ma a rubuce. Kar ka yarda da maganar baki a kan baranda, ma'aikacin da ya gaya maka yau gobe an canza masa wurin aiki. A NAFDAC sashen magungunan dabbobi da dangoginsu, VMAP, shi ke duba magungunan feshi da kayan noma na halitta irin takin ƙwayoyin halitta da maganin ƙwari na halitta. In kayanka na da iƙirarin abincin shuka a kai, hannun FISS ma ya shigo, don haka ka shirya wa ƙofa biyu tun farko, in aka ce ɗaya ta isa ka gode Allah.

Neman rajistar NAFDAC ta shafinsu na NAPAMS ake yi, kuma kamfani mai rajista a Najeriya ne ke nema a madadin masu ƙera kayan. Abubuwan da zasu nema a hannunka, ka fara tara su tun yanzu don wasu sai sun ɗauki watanni: takardar wakilci daga kamfanin waje wadda lauyoyi ke kira pawa of atoni, da hatimin notari na ƙasarsu, tana cewa kai ne wakilinsu a kan wannan kayan da sunansa. Sai satifiket daga hukumar ƙasarsu mai nuna cewa ana ƙera shi kuma ana sayar da shi a can a fili, wannan yana da muhimmanci don akwai kayan da ake dafa wa Afirka kawai, a ƙasar da aka yi su ba a yarda a sayar ba. Sai takardar sakamakon gwajin ɗakin bincike ta baj ɗin, wato rukunin kayan da aka haɗa a lokaci ɗaya. Sai shaidar rajistar tambarin kasuwanci a ma'aikatar ciniki, sai satifiket ɗin CAC, sai samfurin lebul, sai wasiƙar gayyatar jami'ai su je su ga masana'antar. Za a baka izinin shigo da samfur kaɗan don gwaji, kuma wannan izinin na samfur ne, ba lasisin cika shago bane, mutane na rikita su. Kowane kaya da lambarsa, lambar kwalbar saiwa ba zata rufe kwalbar fure ba ko da kamfani ɗaya ne. In an bada rajistar tana aiki shekara 5 sannan a sabunta.

Kar ka manta da NAQS, hukumar killace kayan noma. Duk abun da ya fito daga tsiro ko yake ɗauke da halitta mai rai yana iya shigo da cuta, don haka izinin shigowa daga wurinsu kafin kaya su taso ake karɓa, ba bayan sun sauka Apapa ba. Wanda ya ga yadda tsutsar sharon ta share tumatir a 2016 ba zai ce wannan hukumar ɓata lokaci take ba. Bayan nan sai Form M, takardar shigo da kaya, ta bankinka da sauran sha'anin kwastan, wannan kowane ejan ɗin kiliya ya iya.

Wani abu da 'yan talla ke yawan ɗaga wa mutum: ai yana da tambarin CE, ai an rubuta oganik. Tambarin CE na kasuwar Turai ne, alama ce mai kyau in na gaske ne, amma ba ya maye gurbin rajistar Najeriya. Akwai ma kayan Turai na gaske da basu da shi saboda a ƙarƙashin dokar ƙasarsu aka yi musu rajista. Kalmar oganik kuwa kowa da firinta zai iya bugawa.

Mataki na huɗu: takardar gwaji, ka karanta ta da gaske

Yawanci karɓa muke mu sa a fayil. Ciyawar teku tana tsotsar ƙarafa daga ruwan da ta girma a ciki, musamman arsenik da kadmiyam, don haka abun da zaka fara nema a takardar shine layin ƙarafa masu guba. In kana son ma'auni a hannu, ga iyakar da Turai ta sa wa masu ƙara kuzari, a kowane kilo na busasshen kaya: kadmiyam miligiram 1.5, dalma 120, zaiba 1, nikel 50, arsenik irin wanda ba na halitta ba 40. Takardar da bata ambaci ƙarafa ba kwata-kwata, ka nemi wata. Mu da muka ga abun da dalma tayi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba, balle kayan da za a fesa kan latas da kabeji da karas waɗanda gobe da asuba suna Farin Gada ana loda su zuwa Abuja.

Sai ka duba lambar baj da ke takardar ta dace da wadda ke jikin kwalba, in ba haka ba takardar wani kayan aka baka. Duba sunan ciyawar, kamfanin kirki zai rubuta jinsin da kason da ke ciki, wanda ya rubuta ciyawar teku kawai ba adadi yana iya zama ruwan kala ne da ɗan yuriya aka narka, shuka tayi kore shar kwana uku kace ai yana aiki. Duba pH ma, wato awon tsami ko kaifin ruwan, da yawa da sinadarin fotash mai kaifi ake tatso su, shi yasa suke da fotash da ɗan dama kuma suke iya ɓata wani maganin in aka haɗa su a tanki ɗaya.

Ga wata da ta shafi masu son haɗawa a gida. Tun 2011 wata ciyawa mai suna Sargassum ke taruwa tuli-tuli a gaɓar tekun Afirka ta Yamma har da wajen Legas da Ondo, kyauta ce a zube, kuma na ji matasa na cewa ai sai a kwaso a jiƙa a ɗura a kwalba. Tunanin ba laifi, amma ita wannan an san ta da tara arsenik, ga gishiri. Duk mai son yin wannan sana'ar ya fara da kai samfur ɗakin gwaji, kuma ya sani shi ma sai yayi rajista, har da zuwan jami'ai duba wurin da yake haɗawa. Kasancewarsa ɗan gida bata ɗauke masa ba.

Mataki na biyar: gwajin gona

Hukuma zata so shaidar cewa abun yana aiki a ƙasarmu, ba a gonar inabi ta Sifen ba. Mai shigo da kaya ya nemi cibiyar bincike da hukumar ta yarda da ita, ya tambaye su tun farko kaka nawa da wurare nawa suke so. Mu a Filato muna da sa'a, sashen binciken dankali na NRCRI yana nan Kuru a bayan gidanmu, ga IAR a Samaru Zariya don hatsi, ga NIHORT don kayan lambu. Ka tabbata amfanin da aka gwada a kansa shine wanda zaka rubuta a lebul, kar a gwada kan masara ka zo kana tallata wa masu tumatir.

Shi ma manomi yayi nasa gwajin, kuma ni yanzu bana ɗora sabuwar kwalba a kanta sai na ba mutum biyu ko uku sun gwada. Yadda ake yi: ware kunya goma ka fesa, goma na kusa da su ka bari, ka maimaita haka a wuri uku a cikin gonar, don kowa ya san gefen da ruwa ke kwanciya ya fi gefen tudu. Iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, ban ruwa ɗaya, abu ɗaya tak ya bambanta. Ka bi awon da ke lebul, kar kace bari na ninka don ya fi ƙarfi, kuɗinka kake zubarwa. Fesa da sanyin safiya ko yamma. In zaka haɗa da wani magani a famfon goyo, fara haɗa kaɗan a kwalbar ruwa ka ajiye minti talatin, in ya guntse ko ya kwanta a ƙasa kar ka haɗa. Ranar haƙa kuma sikeli zaka ɗauko, ba ido ba, ido yana son abun da aka kashe wa kuɗi. Ka auna, ka ware manya da ƙanana, ka cire kuɗin kwalba da na mai feshi, sai kaga ko ya biya kansa. A ganina an fi ganin amfaninsa inda shuka ke shan wahala, lokacin dashen tumatir da tattasai, ko noman rani cikin sanyin Disamba da Janairu na Jos, ko in ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina. A gonar da komai ya wadata sau da yawa bambancin ba yawa.

Kuma dan Allah, bilait ɗin da ke ƙone dankali cikin kwana kaɗan a Yuli da Agusta, ruwan ciyawar teku ba ya maganinsa. Magungunan feshinsa, mankozeb ɗinka da metalaksil ɗinka, suna nan a kan lokacinsu.

Mataki na shida: masu rai sai an riƙe su kamar masu rai

Wannan gajere ne amma a nan kaya masu rajista ma suke lalacewa a hannunmu. Ɗauki NoduMax, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar don shafa wa irin waken suya, ƙwayoyin bakteriya ne masu rai, in ka bar shi a bayan mota a rana daga Akwanga zuwa Jos, ko a shagon kwano mai zafi wata uku, lambar rajista na nan a jiki amma abun cikin ya mutu. Haka Aflasafe, wanda ake watsa kilo 10 a hekta sati biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa tayi fure don rage gubar afilatoksin, a busasshen wuri ake ajiye shi. A irin waɗannan kaya ka duba sunan ƙwayar, da adadinta a kowane giram, da ranar ekspaya, da yanayin ajiya. Kar ka haɗa mai naman gwari mai amfani irin Trichoderma da maganin kashe naman gwari a tanki ɗaya, kai da kanka ka kashe abun da ka saya. Kuma kar ka farke babban mazubi kana ɗurawa a robar ruwa kana sayarwa da ludayi, daga lokacin da ka canza mazubi lebul ya tafi, in wani abu ya faru kai ne kamfanin.

Mataki na bakwai: a bakin kanta, da kuma in an cuce ka

Kai manomi, minti biyu sun ishe ka. Lambar rajista tana jiki? Sunan kamfanin da ya ƙera da na wanda ya shigo da shi, da adireshin da za a iya zuwa, ba lambar waya kaɗai ba? Lambar baj, ranar da aka yi, ranar ekspaya, kuma ba a goge an sake bugawa ba? Murfin da hatiminsa? Akwai awo da Turanci, ba rubutun Sinanci zalla ba? In kana shakkar lambar ɗauki hotonta ka leƙa ofishin NAFDAC na Jos ka tambaya, don ana satar lambar wani kayan a manna, lambar sabulu ma an taɓa nuna min a jikin kwalbar feshi. Malaman gona na PADP da ke Dogon Dutse su ma ka tambaye su ko sun taɓa ganin kayan. Ka karɓi rasit mai sunan kayan da lambar baj, mai shagon da ya ƙi rubuta maka ya riga ya baka amsa.

In abu ya lalace kar ka yar da kwalbar cikin fushi, ita ce shaidarka. Ajiye ragowar, ɗauki hoton gonar da kwanan wata, ka fara komawa wurin wanda ya sayar maka. In ya ƙi saurare, maganar ingancin taki ta FISS ce, ta jabu ko marar rajista ta NAFDAC ce, sannan akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, duk a rubuce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Mu masu shago kuma, littafi. Tun bayan abun da ya faru da Baba na sayi babban littafi mai bangon kwali, duk katan da ya shigo sai na rubuta ranar, sunan wanda ya kawo, kamfaninsa, lambar rajista, lambar baj, sannan na ɗauki hoton katin shaidarsa da kwafin satifiket ɗin kayan na sa a fayil, kuma ina cire kwalba ɗaya daga kowane baj na ajiye a ƙasan kanta har kakar ta wuce. Ɗan tallan da ya ga littafin ya ce bari ya je mota ya ɗauko takardun, yawanci ba ya dawowa.